Gwaggo Mai Zare da Littafin da Ba Shi da Ƙarshe

Kafin a buɗe ƙofar laburaren unguwa, Gwaggo Mai Zare ta riga ta shiga ta ƙofar baya. Ta rataye mayafinta a ƙusa, ta ɗaura tsohon zane a ƙugu saboda gam, ta buɗe taga, ta jona butar shayi, sannan ta nufi akwatin da ake jefa littattafan da aka dawo da su. A nan take fara faɗan safe. Babu kowa a lokacin sai ita da gizo-gizo, amma wannan bai taɓa hana ta ba. Da waɗanda suka ari littattafan take yi, suna nan ko ba sa nan.

"Dubi wannan don Allah! Wa ya ɗora wa bawan Allah kofin shayi a fuska? Wannan kuma an lanƙwasa masa kunne. Kai, mutane ba su da tausayi."

Sai ta raba su gida biyu: masu lafiya su koma kanta, marasa lafiya su bi ta ɗakinta. Ɗakin nan in ka ware hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Tebur ɗaya ne a ciki, da kwalbar gam, da reza, da almakashi, da allurai a soke jikin guntun soso, da dunƙulen kakin zuma da take goga wa zare don kada ya tsinke. Akwai kuma wani tsohon dutsen guga da ya daina zafi tun tuni, ta mayar da shi abin danne littafi har gam ya kama. A nan ta zauna tun gashinta yana baƙi wuluk har ya koma fari fat, kuma a ƙarshen watan da ya wuce ta yi ritaya.

Ba ita ce shugabar laburaren ba. Shugabanni sun zo sun wuce, ga hotunansu nan jere a bango, kowa da murmushinsa na hoto. Ita ba wanda ya taɓa tunanin rataye nata. A takardar aiki mai gyaran littattafai ce, a bakin mutane kuwa Gwaggo ce, har waɗanda suka girme ta haka suke kiran ta. Abokin gabarta a duniya ɗaya ne, salatif. In ka yaga shafi ka kawo mata ka ce ka yi kuskure, za ta yi tsaki ta gyara. Amma in ka manne shi da salatif ka jefa a akwati ka sulale, to ka canja hanya, don sai ta gano ka ko da a layin asibiti ne.

Tambaye ta littattafan da aka fi so a unguwar nan, ba sai ta duba komai ba. Cewa take yi wanda ake so shi ke shan wahala. Ta san shafin da ake kuka, don takardar wurin ta yi ƙunci. Ta san inda ake dariya, don a nan shayi ke zubewa. Wanda kuwa ya shekara a kanta fes da shi, ko ƙura ba a share masa ba, sai ta ɗauko shi ta shafa bayansa ta ce, "Allah sarki, maraya."

Ke ce likitar da ba a taɓa yi wa godiya ba, Gwaggo. Mutum ya ɗauki littafi a kanta, ya karanta ya ji daɗi, ya yabi marubuci, bai san cewa da ba ki bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da allura ba, da tuni an ƙunsa gyaɗa a cikinsu.

To a cikin marasa lafiyarta duka, babu wanda ya kai Ɗan Labule yawan kwanciya a teburin nan. Sunansa na gaskiya yana nan a saman kowane shafi, amma ba mai kiran sa da shi. A kwalin littattafan da wani ya ba laburare kyauta ya zo, ba bango, zare duk ya saki. Gwaggo ta ɗinke shi, ta rasa abin da za ta yi masa riga da shi, ta yanko tsohon labulen ofis mai zanen ganye ta lulluɓe shi. Labarin wasu masunta ne, wa da ƙane, da wata 'yar'uwarsu da ke ta kai da kawo tsakaninsu ba mai sauraron ta. Sun ɓata a kan kwalekwalen mahaifinsu, ƙanen ya yi zuciya ya bar gari, shekaru suka ja. Rannan saƙo ya iske shi cewa yayansa na kwance ba lafiya. Ya je tasha, ya yanki tikiti, mota ta cika saura kujerarsa, direba na ta danna hon, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa. Layin ƙarshe a shafin yana cewa, "Ya ɗaga ƙafarsa, sai"

Shi ke nan. Sauran shafukan ba su zo a kwalin ba. Gwaggo ta zazzage kwalin, ta tambayi masu sayar da littattafai, aka ce an daina buga shi tun da daɗewa. Ta ajiye shi a gefen tebur da niyyar kada ya hau kanta, don ba ta son a ba mutum abinci a janye kwano yana tsakiyar ci.

Kafinta ne ya fara faɗawa tarkon. Ya zo gyaran wata kanta da ta karkace, yana jiran gam ya bushe, hannunsa ya kai ga Ɗan Labule. Mutumin da rabonsa da littafi tun makaranta, sai ga shi a tsaye yana juya shafi har gam ya bushe ya gaji da jira. Ya ce a ara masa. Gwaggo tana can tana faɗa da wani mai salatif, ta ce ya ɗauka, ta manta ba ta gargaɗe shi ba.

Duk unguwa kuwa an san labarin Kafinta. Bayan rasuwar mahaifinsu, ƙaninsa ya ɗauki akwatin kayan aikin tsohon bai tambaya ba, da zarto da guduma da komai. Kafinta ya tsaya a gaban jama'a ya ce daga yau ba shi da ƙane. Ƙanen ya tattara ya koma wani gari ya kama kanikanci. An yi roƙo, an aika manya, a banza. Kafinta mutum ne mai kirki, amma in ya kafe sai ka ce ƙusar da aka buga ta lanƙwashe a ciki.

Da ya dawo da littafin, bai jefa a akwati ba. Har ɗakin Gwaggo ya shigo, ido jawur, ya dangwara shi a tebur.

"Gwaggo, ina sauran?"

Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, cewa haka ya zo, ita ma ba ta sani ba. Sai idonta ya sauka a kan hannunsa. Ƙaton hannun nan da ke riƙe zarto wuni guda, ya danne bangon labule ya kasa sakin sa. Ta ce ya zauna. Ta ɗauki allura tana neman ramin zare, alhali akwai zare a ciki.

"Ya hau motar," in ji ta.

"Ya hau?"

"Ya hau mana. Tikitin ado ya yanka?"

"Ya same shi da rai?"

"Da ransa. Shi da kansa ya buɗe masa ƙofa, yana dogara sanda. Ka san abin da ya fara ce masa? Ya ce, 'Ka rame.'"

"Shi ke nan? Bai yi masa gori ba?"

"Wane gori? Cewa ya yi a kawo wa ƙanensa ruwa."

Kafinta ya tura mata littafin. Ya tashi ya fita, ko sallama bai yi ba, har ya manta gudumarsa a kan kujera. Ba a daɗe ba aka ga shagonsa a rufe. Da aka sake buɗewa, mutum biyu ne a ciki, suna musu a kan wanda bai iya riƙe ma'auni ba, akwatin tsohon yana ajiye a tsakaninsu. Har yau suna wannan musun.

Da a nan abin ya tsaya, da babu labari. Amma Kafinta ya bi unguwa yana cewa duk wanda bai karanta Ɗan Labule ba bai karanta komai ba. Aka fara layi. Duk wanda ya kai ga "sai" ɗin nan, ya taho ɗakin Gwaggo kamar an koro shi. Ita kuwa, da ta ɗaga kai ta dubi fuskar mutum, sai ta ga ƙarshen Kafinta ba zai shige shi ba. Sai ta yanka masa nasa daidai jikinsa.

Akwai wata yarinya mai kaifin baki, wadda yanzu ita ce Nas a asibitin unguwa. Lokacin tana makaranta, kuma a gidansu in ana shawara ba a ko kallon inda take. Ita Gwaggo ta gaya mata cewa mutumin bai ma kai ga hawa ba, sai ga wata mota ta tsaya, 'yar'uwar nan da aka raina ta sauko riƙe da yayan, ta gaji da jiran su ta ɗauko shi zuwa asibitin garin, ta haɗa su a tsakiyar tasha ta wanke su tas. Yarinyar ta buga tsalle har ta ture kwalbar gam.

Akwai Malamin Lissafi, wanda a wurinsa duk littafin da ya ƙare da murna yaudara ne. Shi ta ce masa mota ta lalace a hanya, mutumin ya iso daidai ana dawowa daga maƙabarta. Malam ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Madalla! Wannan marubuci ya san duniya." Ya fita yana fara'a kamar an ƙara masa girma. Wani direban babbar mota kuma, da ba ya son labarin da ba a yi gudu a ciki ba, ta haɗa masa da 'yan fashi a hanya.

Kowa kuma in zai fita sai ta ɗaga masa allura ta ce, "Saura ka je ka faɗa wa wani, ka ɓata wa na baya." Aka riƙe amanar nan gam. Mutum biyu za su haɗu a shagon aski, a ambaci Ɗan Labule, kowa ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, ƙarshen nan!" Ɗayan ya ce, "Bari kawai!" Su rabu kowa na ganin sun fahimci juna.

Kada a ɗauka abin bai dame ta ba. Ya dame ta ƙwarai. Ta san sunan abin da take yi, ba ta taɓa canja masa suna ba. Duk wanda ta sallama sai ta yi istigfari ta ce wannan ne na ƙarshe. Sai wani ya sake shigowa da idon nan, ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

Ana saura 'yan kwanaki a yi mata taron ban kwana, Nas ta faɗo ɗakin da farar rigarta, ko gida ba ta je ba daga aiki.

"Gwaggo, albishirinki!"

"Goro. In dai ba salatif kika kawo mini ba."

"Na samo shi! Ɗan Labule, cikakke, har shafin ƙarshe! Wurin wani mai tsofaffin littattafai na gan shi, a garin da aka tura mu kwas. Wallahi ko leƙawa ban yi ba, na sa an naɗe. Ranar taronki za a buɗe a karanta ƙarshen a gaban kowa, ke ma ki huta da ba da labari."

Allura ta shige yatsar Gwaggo, abin da rabonta da shi tun tana koyo. Ta sa yatsar a baki ta ce, "Kai, 'yar nan, kin kyauta." Nas ta ɗauka daɗi ne ya hana ta magana, ta rungume ta ta fita.

Ba Nas Gwaggo take tsoro ba, wannan za ta yi ihu ta huce. Malamin Lissafi ma zai yi dogon turanci ne ya gaji. Kafinta take tsoro. Mutumin nan in ana gardama a unguwa cewa yake yi, "In Gwaggo ta faɗa, an gama." Shi ya yi mata kujerar da take zama, matarsa ƙawarta ce, jikokinsa a cinyarta suka koyi juya shafi ba tare da sun yaga ba. Kuma shi ne mutumin da ya yanke ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shekara da shekaru a kan akwatin zarto. To ina ga wadda ta zaunar da shi kamar yaro ta shirya masa labari, ya ɗauka ya bi gari yana tallar littafin? Ranar da ya ji, a gaban jama'a kuma, ta san abin da zai ce. Zai ce daga yau ba shi da Gwaggo.

Ta yi tunanin ta kwanta ciwo ranar, sai ta tuna Nas ce za ta zo duba ta. Ta yi tunanin ta riga kowa faɗa masa. Har shagon ta je da yamma, ta tarar da su biyun sun sa wani tebur a gaba, wa na cewa ƙafa ɗaya ta fi tsawo, ƙane na cewa ƙasar shagon ce ba daidai ba. Suka ga Gwaggo suka yi ta murna, aka share mata benci. Ta zauna, ta tambayi iyali, ta ce gaisuwa kawai ta zo, ta tashi ta tafi.

Ranar taro aka ture teburan karatu gefe, aka jera kujeru, aka kawo lemo da biskit. Gwaggo na gaba a kujerarta, an sa ta ɗaura sabon ɗankwali, ga kyautar Nas a naɗe a kan tebur tana kallon ta. Shugabar laburare ta ce ba za a yi dogon jawabi ba. Kowa ya tashi ya faɗi littafin da ya fi so a duniya da dalilinsa, don duk wanda za a ambata ya bi ta hannun Gwaggo.

Wata tela ta ce nata wani littafi ne na taurari, don shi ne na farko da ta karanta har ƙarshe ba wanda ya tilasta mata, kuma har yau in aka ɗauke wuta ba ta jin haushi, waje take fita ta ɗaga kai. Tsohon mai gadin laburare ya ce shi littafin kiwon kaji. Aka ce, "Baba, kaji nawa gare ka?" Ya ce ko ɗaya, amma duk duniya babu abin da ke sa shi barci mai daɗi irinsa. Wata uwa ta ce nata littafin tatsuniyoyi ne da ɗanta ya tauna gefensa yana jariri, yanzu ɗan yana wata ƙasa, in kewa ta dame ta sai ta zo ta duba wurin haƙoran, kuma ta gode wa Gwaggo da ba ta yanke wurin ba. Gwaggo ta yi murmushi, amma lemon da ke hannunta ko kurɓa ba ta yi ba.

Sai Malamin Lissafi ya miƙe ya gyara tabarau.

"Ni Ɗan Labule. Tunda yau za a karanta ƙarshen, ba sauran ɓoyo. Ina son sa ne don bai yi wa kowa daɗin baki ba. Mutum ya iso ana dawowa daga maƙabarta, haka rayuwa take."

"Wace maƙabarta kuma, Malam?" in ji Nas. "Ba wanda ya mutu. 'Yar'uwarsu ce ta kawo shi tasha."

"'Yar nan, ina jin wani littafin kika karanta."

"To ina 'yan fashin?" in ji direba daga baya.

Wuri ya kaure. Wannan na cewa jirgin ƙasa ya hau, wancan na cewa mafarki ne duk. Sai Kafinta ya miƙe, aka yi shiru, don ba ya tashi a taro sai da dalili.

"Ku daina shirme. Ya hau mota, ya same shi da rai, ya ce masa ka rame. Gwaggo ce ta faɗa mini da bakinta."

"Ni ma ita ta faɗa mini," in ji Nas, a hankali wannan karon.

Duk aka juyo. Gwaggo ta ajiye lemo, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ba ta kalli kowa ba sai Kafinta.

"Ban taɓa karanta ƙarshen littafin nan ba," in ji ta. "Haka ya zo mini. Duk abin da na gaya muku, ni na ƙirƙira. Naka ne na farko, Kafinta. Ku yafe mini."

Ba a taɓa samun shiru irin wannan a laburaren nan ba, duk da allon da ke cewa a yi shiru. Fuskar Kafinta ta ɗaure tamau, irin ɗaurewar da tsofaffin unguwa suka taɓa gani sau ɗaya.

"Buɗe sabon," ya ce wa Nas. "Karanta mu ji."

Nas ta yage takardar, ta nemo wurin, ta fara karantawa. Mutumin ya ɗaga ƙafarsa, sai ya tuna maganar da yayansa ya yaɓa masa ranar da suka rabu. Ya mayar da ƙafar ƙasa. Ya ce wa direba ya tafi, shi sai gobe. Gobe ta zo ya ce gobe. Yana nan yana goben, aka aiko masa da filafilin kwalekwalen mahaifinsu, aka ce yayansa ya bar wasiyya a ba shi. A nan littafin ya ƙare.

Malamin Lissafi ya buɗe baki zai ce ai ya kusa cankowa, ya dubi fuskokin mutane, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Kafinta ya juyo wajen Gwaggo. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce ta shago.

"Gwaggo, ranar nan da na shigo ɗakinki, na riga na yanki tikiti ya fi a ƙirga, a zuciyata. Kullum sai in ce gobe. Da wannan kika karanta mini, wallahi da na ce to ai haka abin yake, ba ni kaɗai ba ne, in koma shago in ci gaba da aikina." Ya juya ya dubi ƙaninsa da ke zaune da biskit a hannu. "Wannan mai taurin kan da na same shi, ciwo ya kwantar da shi, ba wanda ya gaya mini. Shi ya buɗe mini ƙofa da kansa."

"Me ya ce maka?" in ji mai gadi.

"Cewa ya yi na yi ƙiba."

Ƙanen ya leƙo fuskarsa. "Yaya, kuka kake yi?"

"Garin katako ne ya shiga mini ido."

"A laburare?"

Dariya ta ɓarke, har da masu hawaye. Gwaggo ta zube a kujera ta rufe fuska da gefen ɗankwali, kafaɗunta na rawa, ba wanda ya san kuka take ko dariya, ita ma ba ta sani ba. Kafinta ya karɓi sabon littafin, ya zaro 'yar wuƙar fensir daga aljihu, ya ce bari ya cire shafukan nan marasa amfani. Kafin ya kai hannu, Gwaggo ta yi wuf ta make masa yatsu.

"A gabana za ka yanka littafi? Ajiye shi!"

Ya ajiye, yana yarfe hannu. "To na ji. Amma ƙarya dai kin yi ta, Gwaggo."

"Na yi."

"To ga hukuncinki. Duk ƙarshen da kika ba kowa, ki zauna ki rubuta, ki ɗinke su a bayan Ɗan Labule. Nawa a farko."

Malamin Lissafi ya ce bai yarda ba, nasa ya fi kusa da gaskiya. Nas ta ce mata ne a gaba. Direba ya ce in aka cire 'yan fashi shi ba ruwansa da littafin. Shugaba ta yi ta buga tebur, ba mai jin ta.

Haka aka yi wa Gwaggo ritayar da ba ritaya ba. Yanzu haka tana gida, dutsen guga a gefe, tana rubutu tana ɗinki, tana faɗa da biro. Ɗan Labule ya yi ƙiba har labulen ya kusa kasa rufe shi, kuma mutane na ta zuwa suna tuna mata nasu, don wasu ita kanta ta manta. Sabon kuwa yana nan a kanta, fes da shi. Ranar da ta leƙo laburare ta gan shi, ta shafa bayansa ta faɗi abin da ta saba faɗa.

Mun gode, Gwaggo. Ke ce kika ɗinke abin da ya fi takarda wuyar ɗinki, ba tare da kin tashi daga kujerarki ba. Mun gode da shafukan da kika tsince, da wurin haƙoran da kika bari, har da faɗan salatif. Allah ya ƙara lafiya, ya bar miki hasken idonki, ya yafe miki abin da mu tuni muka yafe.

Ku kuma jama'a, ba cewa aka yi ku je ku koyi shirya labari ba, ita da kanta za ta fara yi muku faɗa. Abin koyi a wurinta shi ne, in mutum ya zo muku da tambaya, ku ɗaga kai daga aikinku ku dubi hannunsa tukuna. Kuma kowa a cikinku yana da wata Gwaggo a wani ƙaramin ɗaki, ko wani ƙane a wani gari, da ya daɗe yana cewa zai je ya gani. Mota ta cika, saura kujerarku. Ku hau.